Bindigar Robar Kawu

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, tallan fura na yi. Wata rana bayan azahar na shiga gidan kawuna a Malbaza da ƙwarya a ka, na sauke ta a bakin ƙofa. Yana da tsohuwar na'urar wasa da wani Nasara ya bar masa a ma'aikatar siminti. Ranar ya sayo wa na'urar bindigar roba daga Konni. Yana soka wayarta jikin na'urar, sai ga tsuntsaye suna tashi cikin akwatin tele, sama shuɗiya kamar an wanke ta.

Kakata, da ke zaune a gefe, ta ce, "Kai Isufu, in ka harbo su wa za ya yanka? Mushe kake tara muna cikin akwati?"

Kawu ya yi dariya, ya miƙo mini. "Amshi, ɗiyata, harbi guda."

Ban taɓa riƙe abin wasan maza ba. Robar tana warin sabon takalmi. Na san fura na tsami a bakin ƙofa, na san Inna za ta dake ni. Na auna wani ɗan tsuntsu, na bi shi, na bi shi, yatsana ya ƙi motsi. Ya haura, ya fice ta saman gilashin.

"Ina ya tai, Kawu?"

"Inda ya ga dama."

Dukan kam na sha shi. Yau jikokina sun san ba ni son wasa ga aiki a ƙasa. Amma in na aiki yarinya ta tsaya tana kallon sama, nakan bar ta kaɗan kafin in daka tsawa.