Kukan Tayar Baya

Baba Hammu na tafiya sayo burodi, Masin ya kwance tayar bayan kekensa, ya buɗe cibiyarta, ya ɗura mata giris har yana tsiyaya. Ya mayar da ita, ya juya ta. Shiru kake ji. Rabon tayar nan da yin shiru shekara biyu ke nan.

Duk mai bin gasar tseren keke a duwatsun Atlas yakan ji Masin kafin ya gan shi. Da ya tsayar da feda sai tayar ta ɗau kuka, ƙarrr, kamar injin markaɗe. 'Yan sauran ƙungiyoyi har suna suka laƙa masa: Mai Niƙa. Ya roƙi Baba Hammu, bakaniken ƙungiyarsu, ya fi a ƙirga, ko ɗan giris ya shafa mata.

"Kai dai taka abinka," in ji tsohon kullum. "Ni na san abin da keke yake so."

Keken Yidir kuwa ko tari ba ya yi. Yidir ne gwarzon ƙungiyar, ɗan ƙanwar Baba Hammu, sau huɗu yana cin gasar nan. Aikin Masin ɗaya ne: ya shiga gabansa tun daga tashi, ya tare masa iska, kada ya ba shi ratar da ta wuce tsawon keke biyu, in an iso miƙaƙƙen titin ƙarshe ya kauce masa ya wuce. Ƙararrawa aka rataya masa kamar akuya, don maigida ya san inda yake. Haka Masin ya ɗauki abin, kuma abin yana cin ransa.

Ga kuma mulkin Yidir. Ba ya gai da kowa sai an fara gaishe shi. Baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko a cikin tanti. Shayi sai an danƙa masa kofin a hannu. Tuƙin motar ƙungiya ya daina, taswirar hanya ma sai Baba Hammu ya zauna ya karanta masa, kowace kwana da kowane gangare, shi kuma yana maimaitawa kamar mai hadda.

Masin ya sha tunanin tafiya, amma zuwa ina? Keken ba nasa ba, takalmin ƙafarsa ma ba nasa ba. Ya sa hannu a takardar shekara uku, in ya fita sai komawa ƙauye jan alfadari da kayan 'yan yawon buɗe ido. Daga Azilal zuwa Midelt zuwa Warzazat, mota ɗaya, tanti ɗaya, kullum yana kallon bayan mutumin da bai kai shi ƙarfi ba yana tsallake layi.

Yau kuwa wata mata daga wata ƙungiya ta Sifaniya tana jira a layin ƙarshe. Mahayi ɗaya take nema, kuma ba ta ɗaukar na biyu.

Baba Hammu ya dawo, ya raba burodi da man zaitun, ya tayar da mota da wuri, don hanyar mota sai ta zagaye dutsen. A wurin tashi ganguna da lasifika sun cika kunne. Yidir ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Masin, yadda ya saba.

"Kana nan, ƙanena?"

"Ina zan je, Yaya?"

Hawan ya ci awa biyu, kuma mai hawa ba ya tsayar da feda, don haka babu wanda ya lura da komai. Su biyu suka fara isa ƙololuwa, Yidir na manne da shi, numfashinsa a ƙeyarsa. Daga nan sai gangare: 'yar hanyar awaki, dutse a hagu, kwazazzabo a dama wanda ba a hango ƙasansa.

Masin ya tsayar da feda. Babu ƙarrr, sai iska da tsakuwa. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai.

A kwanar farko ya ji an kira shi daga baya. "Masin!"

Bai waiwaya ba. Ya sunkuyar da kai, ya saki birki.

"Masin!" Wannan karon muryar ta yi siriri. Umarni dai, kullum umarni. Ya jira kira na uku don ya ƙi amsawa, bai zo ba.

Shi kaɗai ya shigo titin ƙarshe. Ya ɗaga hannu biyu, mata na guɗa, matar Sifaniya ta taho tana murmushi. Amma Baba Hammu ya riga ta, yana ture mutane. Bai ce masa barka ba. Ya ɗaga bayan keken, ya juya tayar, ya kara kunne. Sifanar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa.

"Wa ya taɓa tayar nan?"

"Ni ne, Baba. Na gaji da zama akuya."

"Ina ka baro Yidir?"

"Can sama, a kwanar farko. Yana da ƙafa, yana da ido, ya sauko da kansa mana."

Tsohon ya juya yana duban dutsen. Mahaya na ta gangarowa ɗaya bayan ɗaya, babu mai baƙin tabarau a cikinsu.

"Ido?" ya ce a hankali. "Ɗana, shekara biyu ke nan Yidir ba ya ganin abin da ya wuce kan kekensa. Kukan tayarka yake bi."