Kusufi a Cinyar Kaka

Sa'ad da wata ya fara gutsurar rana, duk Toronto ta ɗaga kai, ban da kakata. Ciwo ya tanƙwara wuyanta, ƙasa kaɗai take iya kallo, likita kuma ya ce ba za ta kai hunturu ba.

Na tura kekenta na marasa lafiya ƙarƙashin bishiya, ina riƙe da tabarau na kwali na kallon kusufi.

"Bari in kwatanta miki, Kaka."

"Riƙe bokonka, ja'iri. Sunkuyo."

Na sunkuya. Hasken da ya ratso ganyaye ya watsa surar rana birjik a cinyarta, 'yan ƙanana, kowacce a gutsure, suna lilo.

"Guda nawa ka gani a sama?"

"Ɗaya."

Ta buɗe tafinta a hankali, uku suka sauka a ciki.