Amanar Togjan

Daulet ya sake ɗaga kwalbar ya kai ta bakin taga, ya ƙura mata ido. Babu motsi. Ƙasa ce kawai, da ɗan ramin da wata 'yar gizo-gizo ta toshe bakinsa da saƙa tun washegarin tafiyar Togjan.

Togjan ɗiyar matarsa Raushan ce. Tun da ya auri uwar, yarinyar ba ta taɓa ce masa Baba ba, sai Kawu, shi ma da ƙyar. Abin da take ƙauna a duniya shi ne wannan 'yar gizo-gizo mai gashi da ake kira tarantula, wadda ba ta wuce kan ɗan yatsa ba. Marigayi mahaifinta ne ya sayo mata ita dab da rasuwarsa. Da za ta tafi hutu wajen kakarta a garin Shimkent, uwar ta rantse ba za ta ko kalli abar ba. Dole ta sa Togjan ta miƙa wa Daulet kwalbar, ta ce ya ɗiga ruwa, ya jefa gyare, kada ya bar ta ta ji sanyi.

Mutumin da yake tuƙa motar haya cikin ƙanƙarar birnin Almati ko a jikinsa, sai ga shi ƙwaro ya hana shi sukuni. Ya jefa gyare, ba a taɓa ba. Ya cire, ya sake jefa wani. Raushan ta riƙa tsokanarsa wai ko ita bai taɓa yi wa irin wannan jinya ba. Ya yi dariyar yaƙe, amma hankalinsa a tashe yake.

Ana gobe yarinyar za ta dawo, ya taso daga aiki ya tarar da tarantular a bakin ramin, a kife, ƙafafu a lanƙwashe. Ya taɓa ta da tsinke. Ta mirgina ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa, bayanta a tsage.

Ya daɗe zaune a kicin, shayinsa ya huce. Raushan ta ba shi shawara ya sayo wata, wa zai gane? Ya ƙi. Ya ce yarinyar da ta rasa uba ba za a haɗa mata da ƙarya ba. Ya shimfiɗa auduga a kwalin ashana ya kwantar da gawar. Don kada ganin kwalbar ya ƙara mata ciwo, ya fita baranda ya zazzage ƙasar duka cikin ƙanƙara, ya wanke kwalbar da tafasasshen ruwa, ya kife ta a saman kabad.

Togjan ta shigo da jakarta, ko takalmi ba ta cire ba ya tare ta. Ya miƙa mata kwalin ya ce, "Ki yafe mini, na kasa riƙe amanarki."

Ta buɗe. Ta kai kwalin kusa da ido, ta juya shi. Sai ta fashe da dariya, ta rungume shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ai saɓa ta yi. Wannan tsohuwar rigarta ce ta turo waje. Ita tana can ƙasan rami ta ɓuya, jikinta bai yi ƙwari ba tukuna. Ina ka ajiye kwalbar?"