Sandar Awon Maikuɗi

Likkafanin Baba bai rufe ƙafafunsa ba.

Yadi goma na farin alawayyo na saya a kasuwar Sara, a rumfar wani mai suna Maikuɗi, da safen da Baba ya cika. Masu wanka suka yaga shi gida uku yadda aka saba. In an ja ta kai, ƙafa ta fito. In an ja ta ƙafa, kai ya fito. Sai da Inna ta miƙo tsohon rawaninsa aka yi ciko. Mutanen Gwaram suna cike da zaure, kowa ya ji.

Baba fa, Malam Ɗan'azumi, mutumin da ya tsufa a sayar da yadi. Tun kafin samun 'yancin kai yake bin kasuwanni daga Gwaram har Birnin Kudu. Sandar awonsa ma sai da ya sa maƙeri ya rufe bakinta biyu da jan ƙarfe, ya kafa ƙusa uku-uku, don kada wani ya ce an taɓa datse ta. Da idonsa ya mutu ya sayar wa dillali kayan rumfarsa kaf, ya zauna gida. A ce shi aka binne da ciko.

Da kasuwa ta zagayo na ari tef wurin tela, na koma Sara. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kuɗi a hannun mutane, kowa yana yankar yadi, ba mai sake aunawa in ya je gida. Ban yi sallama ba.

"Miƙo sandar awon nan," na ce wa Maikuɗi.

"Malam Salihu, ya haƙuri? Shigo inuwa mu yi magana."

"Da ɓarawo? A rana za mu yi ta."

Mutane suka fara taruwa. Aka kira sarkin kasuwa, ya karɓi sandar, tsohuwa, baƙa ƙirin don dauɗar hannu. Ya shimfiɗa tef a kanta. Ta gaza yadi da faɗin yatsa uku. Ya juya ta ya sake aunawa, haka ɗin dai.

Wata tsohuwa ta ce shi ya sa zanenta bai taɓa zagaye ta ba. Wani ya ce a ƙona rumfar. Sarkin kasuwa ya ce in ta tabbata Maikuɗi ne ya datse ta, ya bar cin Sara ke nan.

"Wallahi yadda na saye ta haka take," in ji Maikuɗi. "Ban taɓa auna ta ba. Sunan mai ita ya ishe ni."

"Wane ne mai ita?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Na ɗaga murya don na nesa su ji. Na ce Allah ya isa tsakanina da wanda ya rage sandar nan, ko wane ne, yana raye ko yana ƙasa. Yadda ya tona asirin ubana, Allah ya tona nasa. Jama'a suka amsa da amin.

"Ka janye wannan, Malam Salihu," Maikuɗi ya ce a hankali. "A kore ni, na yarda. Amma ka janye."

"Ba na janyewa."

Na fizge sandar daga hannun sarkin kasuwa zan karya ta a gwiwa. Da na riƙe bakinta biyu sai na ji sanyi a tafin hannuna, ba irin na itace ba. Na goge dauɗar da babban yatsa.

Jan ƙarfe ne, da ƙusa uku-uku, daram yadda maƙeri ya kafa wa Baba su.