Salkar Haladu

Ta hudar zana Gwadabe ya hango maƙwabcinsa Haladu yana kafa katako bisa turaku biyu. Haladu ya rataya salka a jikin katakon, ya kai mata naushi, ta yi lilo.

Zuciyar Gwadabe ta tafasa. Ashe sirrin ke nan! Tun da Haladu ya dawo daga yaƙin basasa yake kayar da shi a dambe, har makaɗan Haɗeja sun daina kiran sunan Gwadabe.

Ba shi da katako, sai ya farfasa kwalekwalen da yake su da shi. Ya kafa nasa, har ya fi na Haladu tsayi. Ya ɗura wa salka yashin kogi, ya dinga jibgarta safe da yamma.

Ranar damben kaka hannun Gwadabe ya kumbura suntum, ko zaren dambe bai ɗauru ba.

Haladu ya shigo dubiya. Ya yi masa sannu, sai ya tsaya kallon salkar.

"Maƙwabci, kai ma ka yi maratayar? To yashin na mene ne? Tawa ai ruwan sha mai ɗakina take sanyayawa a ciki."