Aljanar Kwalbatin Hanyar Lambu

Wallahi ko littafi na dafa ba za ku yarda ba, amma ni Ɗan Azumi na rufe hanya sukutum a Madarumfa da bakina kawai, ba shinge ba jandarma.

Akwai wata korama da ke ratsa unguwarmu ta gangara tafki. Tsofaffi sun ce da can har wanka ake yi a cikinta. Ni dai da leda na san ta, da mataccen takalmi, da ruwan wanke-wanke. Can ƙarshenta, inda hanyar lambu ta haye, akwai wani kwalbati da mutum zai iya shiga a rarrafe. Nan ne wurin aikina tun da na sallami lakwal, wato makarantar boko. Ni na sallame ta, kada wani ya gaya muku daban.

Da damina in ruwa ya sauka, tarwaɗa kan baro tafki ta hauro korama neman inda za ta zuba ƙwai. Sai ta shigo kwalbatin ta tarar shara ta toshe gaba, ta tsaya cunkus, kai bisa kai. Lokacin ne kuma Sarkin Ruwa ke hana kamun kifi don ya hayayyafa, wanda aka kama da mai ƙwai kuwa ya shiga uku. Masunta na zaune suna ɗinkin koma, ni ina ciki da kwando ina ɗiba kamar mai ɗibar gero a rumbu. In an tambaya, in ce daga Jibiya aka kawo mini.

Bana sai ga masu aikin hanya da farar mota, wai za a fasa kwalbatoci a gina gadoji, korama ta samu ta numfasa. Shugabarsu wata injiniya ce, Madam Zulai, mai hular kwano a kan kallabi. Suka tsaya a kan nawa, suka kafa wani abu mai ƙafa uku suka leƙa, ɗaya ya shafa jan fenti a gefen siminti, suka wuce. Ɗan Madarumfa ba sai an fassara masa jan fenti ba. Shi aka shafa wa rumfunan bakin tasha kafin katafila ta zo ta kwashe su.

Na ga ana zube tsakuwa can cikin gari, wajen manyan kwalbatocin nan da ke maida ruwa cikin gidajen mutane. Na ce to, in sun gama da waɗancan ni ne na gaba. Gada na tsayawa, tarwaɗa za ta riƙa wucewa ta gabana ko sallama babu.

Sai na yi wa kwalbatin aljana.

Da rana tsaka, lokacin da kowa ya san ba a son gilma wa kwazazzabo, na shige da tsohuwar tukunya, na kifa baki a ciki na yi gurnani. Siminti ya amsa. Ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Gwaggo Ɗelu, ƙanwar babana, ita ta fara gamo, tana dawowa daga lambu da daron zogale a ka. Na siranta murya na ce, "Ɗelu, wa ya ba ku izinin taɓa mini ɗaki?" Awakin unguwa suka yi kalaci da zogale ranar.

Nan da nan hanya ta mutu. Matan lambu suka koma zagayawa ta bayan maƙabarta da kaya a ka, suna tafe suna tsinuwa. Masu amalanke suka ce jakunansu na turjewa tun daga nesa, alhali jakin garinmu bai taɓa buƙatar dalilin turjewa ba. Wani ya rantse ya ga ƙafar aljanar, kofato ce. Na ce ni ma na gani. Dabarata ba wuya: babu leburan da zai ɗaga guduma a ɗakin aljana.

Wata safiya na hango matan sun yi gayya sun nufi meri, ofishin magajin gari, Gwaggo a gaba ta sha ɗamara. Na ce madalla, sun tafi roƙon a bar wa baiwar Allah ɗakinta.

Ina ciki wata Talata, tukunya a baki, sai hayaƙi ya turnuƙe. Ba turare ba, barkono ne aka zuba wa garwashi, irin na korar iska. Aljana ta yi tari. Ta yi atishawa. Ta yi salati da muryar ƙato. Na fito a rarrafe, majina har haɓa, ina tura kwandon a gabana, don ko a wannan hali ban iya barinsa ba.

Ga rabin gari. Ga katafila tana huci. Ga Sarkin Ruwa yana kallon tarwaɗa na watsal-watsal, ciki taf da ƙwai.

"Kai ne, ɗan nema?" in ji Gwaggo tana cire takalmi. "Kai da na goya ka yi mini fitsari a baya?"

Sarkin Ruwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maida su ruwa da hannunka. Sannan duk tsakuwar gadar ga a kanka za ta zo, har ranar da za a taka ta."

Na ɗora kwanon farko a ka, na bi ta gaban Madam Zulai ina ƙwambo. Na ce, "Madam, ai dai kun ji jiki. Ba don barkono ba, da har gobe ba ku taɓa mini kwalbatina ba."

Ta share hawayen dariya da bakin kallabi ta ce, "Malam Ɗan Azumi, naka fa ba ya cikin aikinmu, tsayin ƙasa kawai muka auna a kansa. Matan da ka kora ne suka zauna a ƙofar meri, suka ce ba su tashi sai an fasa ɗakin aljana an yi musu gada."