Farar da Ba Ta Tashi Ba

Ina shekara takwas fara ta cinye mana gero a Lambara. Ana gab da zaɓe sai ga mota da hoton ɗan takara, ta kawo masu feshi. Suka feshe gonakin da ba sauran komai sai kara.

Da la'asar na je gonarmu, na tarar da fara kwance birjik, ko ɗaya ba ta tashi ba. Da can sai mun yi sammako kafin mu cika gwangwani, amma ran nan ƙwarya na cika taf. Na rugo gida ina murna za a yi suya.

Inna ta karɓa ta sunsuna. Wari ne kamar na kananzir. Ba ta yi faɗa ba. Ta haƙa rami a bayan ɗaki, ta juye, ta rufe don kada kaji su ci.

"Ɗiyata," ta ce, "sai da hwara tac cinye hatsi sannan sunka zo. Yanzu ko hwarar ba su bar muna ba."

Yau ni ma uwa ce. Amma duk motar kamfen da za ta shigo gari, warin nan ke riga ta isowa.